Ɗana, Kada Ƙurar Rami ta Biyo Ka Gida

Da an gama yankan gero, an ɗaure dawa, sai ka ga samarin Wurno da na ƙauyukan da ke kewaye da mu sun fara ƙus-ƙus. Wannan ya ji an samu zinare a wani daji na jihar Neja, wancan abokinsa ya kira shi daga Zamfara, wani kuma Nijar yake hari. Ranar kasuwa a sayar da buhu ɗaya ko ɗan akuya, a haɗa kuɗin mota, a fita bakin titin Birnin Kudu. Haka ake yi a Gwaram, haka ake yi a Sara da Basirka. Ba zan ce maka kada ka tafi ba, ɗana. Ci-rani gadonmu ne, kuma na san abin da ke tura ka: taki ya yi tsada, gidan su yarinya sun fara maganar lefe, ɗakin da za ka saka ta bai samu kwano ba. Amma na ƙarar da ƙuruciyata ina aikin lafiya a karkarar nan, na ga masu tafiya, na kuma ga yadda wasunsu suke dawowa. Shi ya sa nake so ka ba ni aron kunnenka kafin ka rataya jaka.

Ba ku ne farkon masu bin arzikin ƙarƙashin ƙasa ba. Kakanninku sun je Jos haƙar kuza, wasu da ƙafarsu, wasu kuma dole aka yi musu tsakanin 1942 da 1944, lokacin da Turawa suka rasa kuzar Malaya a yaƙin duniya na biyu suka shiga ɗibar mutane daga garuruwan Arewa. Sanyi da yunwa da ciwo sun cinye da yawa a can. Sai dai wahalar kuza wahala ce da ake gani da ido, wanda ta kama a can take kama shi. Ta zinaren yau tana da wani ɓangare da ba a gani, kuma ba mai haƙar kaɗai take nema ba.

A farkon shekarar 2010, a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, agwagi suka riƙa mutuwa, ba wanda ya ɗauki abin da muhimmanci. Sai yara suka biyo baya. Yaro zai fara amai da ciwon ciki, ya daina wasa, ya yi laushi, daga nan sai jijjiga, kafin a ankara ya cika. Wasu suka ce sanƙarau ne, wasu suka ce zazzaɓin cizon sauro ne ya hau kai, wasu suka ce iska ce, aka shiga turare da rubutu. A watan Maris ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda suke zagayen neman masu sanƙarau, suka tarar da sabbin kaburburan yara fiye da ƙima. Sun ba da maganin zazzaɓi, bai yi ba. Da aka aika jinin yaran awo, sai aka gano gubar dalma ce.

Masana daga hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka sun bi gida-gida a ƙauyuka biyu, suka ƙirga. Cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda. Ka tsaya ka auna wannan da unguwarku: duk yara huɗu, ɗaya ya tafi. A ma'aunin likitoci, idan dalmar da ke jinin yaro ta kai 5 an fara damuwa, idan ta kai 45 sai an ba shi maganin da zai fitar da ita. Cikin yaran da suka rage aka auna, kashi 97 cikin 100 sun kai 45 ko sun wuce. Na'urar da aka je da ita iyakarta 65, kuma jinin yara da yawa ya wuce inda take iya karantawa. Gaba ɗaya, yaran da annobar ta kashe a Zamfara sun kai 400, dubbai kuma suka rayu da gubar a jikinsu. Wasu sun makance, wasu sun kurmance, wasu sun tashi ƙwaƙwalwa ba ta riƙe karatu.

Iyayen yaran nan ba mugaye ba ne, ba kuma sakarkaru ba ne. Manoma ne irinmu. Farashin zinare ya tashi a duniya a waɗannan shekarun, ga shi Allah ya ajiye shi a bayan garinsu. Abin da ba su sani ba shi ne dutsen da zinaren yake ciki cike yake da dalma. Maza su haƙo dutse, su zuba a buhu, su kawo gida don kada a sace. Mata su farfasa, su daka a turmi, a kai injin niƙa irin wanda ake niƙa hatsi da shi, a wanke, a shanya a tsakar gida. Ƙurar ta kwanta a ƙasa, a tabarma, a bakin randa, a kan tuwo. Yaro mai rarrafe kuwa ka san aikinsa, hannu a ƙasa, hannu a baki. A wasu wuraren an auna ƙasar aka samu dalma sama da kashi 100,000 cikin miliyan, alhali a lokacin Amurka ba ta yarda ta wuce 400 a inda yara ke wasa ba. Ga shi kuma hanjin yaro yana tsotse dalma ninki huɗu zuwa biyar na babba, yaron da ba ya ƙoshi ya fi kowa tsotsa.

Gyaran ma bai zo da sauƙi ba. Maganin da ake bayarwa yana jawo dalmar daga jini ya fitar da ita ta fitsari, amma idan yaro ya koma gidan da ƙasarsa take da guba, aikin banza aka yi. Dole sai da aka kankare saman ƙasar gidaje a Dareta da Abare da 'Yargalma da Sunke da sauransu, aka kwashe, aka zubo sabuwa. Bagega, wadda ta fi su girma, sai 2013 aka share ta, bayan an daɗe ana kiraye-kiraye kafin gwamnatin tarayya ta saki kuɗi. MSF ta shafe sama da shekara 11 a kan wannan aiki kafin ta miƙa shi ga gwamnatin jihar a 2022. Kuma duk da wannan darasi, a 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Na san abin da za ka ce: Baba, ai ni ba na kawo dutse gida, Zamfara ina, Wurno ina. Gaskiya ne. Amma kana kawo kanka, kana kawo jakarka. Na taɓa shiga wani gida duba mai jego, na tarar ƙanin maigidan ya dawo daga wurin haƙa a daren jiya. An zazzage jakarsa a tsakar gida: wando biyu da suka yi fari fat kamar an barbaɗa musu gari, takalmin roba da busasshen taɓo a ƙasansa, bargo, da wani buhu da ya zubo tsarabarsa a ciki. Ƙanwarsa ta ɗauki bargon tana kakkaɓewa, ƙura tana tashi a hasken rana, ga yarinya 'yar wata tara zaune a ƙasa tana tsotsar igiyar takalmin. Buhun kuwa tuni uwar gida ta ware shi, wai za ta zuba masara. Kowa murna yake yi, an dawo lafiya. Na sa aka ɗauke yarinyar, aka fitar da kayan bayan gida, aka yayyafa ruwa aka share. Sun yi mini biyayya ne don girmamawa, amma na ga a fuskarsu suna ganin na cika tsanani.

To, ga abin da nake roƙonka. Kayan da ka yi aiki da su, ka bar su can. Wando da riga ba su kai lafiyar ɗan yayanka ba. Idan ba yadda za ka yi sai ka taho da su, ka ƙulle su a leda, ka wanke su da kanka nesa da gida da rijiya, a bokitin da ba a ɗibar ruwan sha da shi. Buhun da ya taɓa ɗaukar dutse ko garinsa kada hatsi ya shige shi har abada. Ka yi wanka da sabulu, ka wanke gashi da ƙarƙashin farce, kafin ka ɗauki yaro. Kuma duk wanda ya ce ka taho da ɗan dutse gida a gwada a gani, ka ce masa a'a, ko da shi ya biya maka kuɗin mota.

Ke kuma 'yata, matarsa ko ƙanwarsa, wannan magana ta shafe ki fiye da yadda kike zato. Dalma idan ta shiga jiki tana komawa cikin ƙashi ta zauna shekaru. Ranar da mace ta samu ciki, jiki yana jawo abin gina ƙashin jariri daga ƙashinta, sai dalmar ta biyo, ta ratsa mahaifa. Tana jawo ɓari, tana jawo haihuwar ɗan da bai cika nauyi ba. Kada kunya ta hana ki cewa a fitar da kayan aiki daga ɗaki. Idan an taɓa kawo su, kada ki share busasshiyar ƙasa, ki jiƙa ta tukuna. Tun da maganar ta zo, bari in ƙara miki ɗaya da ba ta shafi rami ba: kwallin dutse da ake saya a kasuwa, yawancinsa dutsen dalma ne aka niƙa. Na san iyayenmu sun saka mana, na san ana cewa yana wanke ido, amma jariri yana murza ido ya kai hannu baki. Ki bar idonsa yadda Allah ya yi shi.

Yanzu mu koma kanka, ɗana. Ko dutsen da kake aiki da shi babu dalma a ciki, ƙurarsa kaɗai ta isa. Wadda kake gani tana tashi ba ita ce mugunyar ba, wannan hanci yana tare ta, ka fyace. Akwai wadda ta fi ta laushi, ido ba ya ganinta, ita ce take wucewa har ƙarshen huhu ta zauna. Huhu ba ya iya narkar da dutse, sai ya yi ta yin tabo a kewayensa, har ya ƙanƙance ya daina buɗewa. Wannan ciwo ba shi da magani a Kano, ba shi da shi a Ingila. Ba ya zuwa da wuri, sai bayan shekaru, lokacin da kuɗin ya daɗe da ƙarewa. Kuma huhun da ya yi wannan tabo shi tarin fuka ya fi saurin kamawa, ga ku kuna kwana mutum goma a bukka ɗaya, ɗaya yana tari kowa yana shaƙa. Wannan bai tsaya ga masu zinare ba. Masu fasa dutse a nan gefen Birnin Kudu da Dutse, su ma ƙurar da suke shaƙa ke nan.

Ƙyallen da kuke ɗaurewa a hanci ba ya tare ta. Madarar gwangwani da ake sha da yamma wai tana wanke ƙirji, ciki take tafiya, ba ta san hanyar huhu ba. Abin da yake aiki shi ne ruwa. An gwada a wuraren niƙa na jihar Neja, aka riƙa fesa ruwa a bakin inji, ƙurar dalma da ta dutse suka ragu ƙwarai da gaske. Idan kana da zaɓi, kada ka karɓi aikin tsayawa a bakin injin da ke niƙa a bushe, ko da kuɗinsa ya fi. Idan ba ka da zaɓi, ka nemi takunkumi na gaske irin wanda ake kira N95, ka tsaya ta inda iska ke fitowa, kada ka ci abinci ko goro a wurin sai ka wanke hannu.

Akwai wani yaro da ba na mantawa da shi. Ya dawo da babur sabo, ya yi aure, bayan wani lokaci ya fara tari. A kemis aka ce taifot ne, aka yi masa allurai. Aka ce maleriya ce, aka ƙara masa ruwa. Aka koma jiƙe-jiƙe. Sai da ya kai ba ya iya tafiya daga gida zuwa masallaci sai ya dafa bango ya huta, sannan aka kawo shi. Ƙashin wuyansa ya fito, agogon hannunsa yana zamewa har gwiwar hannu. Na tambaye shi sana'arsa, ya ce noma. Na sake tambaya, ya ce noma da ɗan acaɓa. Sai da mahaifinsa ya fita alwala sannan ya rage murya ya ce ya yi rani uku a bakin injin niƙa dutse. Ya ɓoye ne don yana tsoron a ce aikin da ya yi haramtacce ne a kai shi ga hukuma. Aka tura shi hoton ƙirji da awon majina, aka samu tarin fuka a kan huhun da ƙura ta riga ta ci. Tarin ya warke da magani. Numfashin bai dawo yadda yake ba, kuma babur ɗin an sayar da shi tun kafin a kai ga asibiti.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Likita ba ɗan sanda ba ne, kuma ba ɗan duba ba ne. Idan ka ce masa kai manomi ne, ciwon manomi zai nema a jikinka. Ciwon ciki da taurin bayan gida da kasala da ciwon kai na gubar dalma sun yi kama da cututtuka goma da muke gani kullum, ba wanda zai yi tunanin dalma sai ka buɗe baki. Ka gaya masa inda ka je, aikin da ka yi, rani nawa, ko ka ƙona zinare da hannunka. Tarin da ya kai mako biyu a je a auna majina. Awon da maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati, wata shida ake sha, kuma wanda ya ji sauƙi ya ajiye a wata na biyu ya jawo wa kansa wanda ya fi shi taurin kai. Mu nan Allah ya rufa mana asiri, muna da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu, ga asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, ga asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano idan abin ya fi ƙarfinsu. Ba kowane asibiti ke da na'urar awon dalma ba, amma idan ka faɗi gaskiya za a san inda za a tura jininka.

Sai maganar zaiba, wadda ake kama zinare da ita. Ana murza ta da garin dutse da hannu, a matse a ƙyalle, a ɗora dunƙulen a wuta, ita ta tashi, zinaren ya rage. Ina take tafiya? Cikin hancin wanda ya sunkuya yana hura wutar. Tururinta ba shi da wari, ba shi da launi. A hankali hannu ya fara rawa, dasashi ya kumbura, mutum ya zama mai saurin fushi da mantuwa, ƙoda ta raunana. Ita ce ta nakasa mutanen garin Minamata na Japan, inda aka gano cutar a 1956, har duniya ta ƙulla yarjejeniya da sunan garin a 2013 don rage amfani da ita. Kada ka ƙona a ɗaki, kada ka ƙona a murhun girki, kada ka ajiye kwalbarta inda kake kwana.

Ramin kansa ba sai na tsawaita ba, kun fi ni saninsa. A watan Nuwamba na 2021 ramuka suka rufta a yankin Ɗan Isa na jihar Maraɗi, aƙalla mutum 18 suka mutu. A watan Yuni na 2024, bayan ruwan sama mai yawa, wani ya rufta da mutane da dama a Galkogo ta ƙaramar hukumar Shiroro. Ƙasar da ta sha ruwa ba a shiga ƙarƙashinta. Injin jan ruwa ko janareta ba a kunna shi a cikin rami, hayaƙinsa yana kwantar da mutum ba tare da ya ji komai ba. Abin da ya fi damuna shi ne tramol. Ana ba ku ne don ku daina jin gajiya da tsoro, alhali gajiya da tsoron nan su ne masu gaya maka ka fito. Wanda ya sha ba ya jin ƙasa tana zubowa a kafaɗarsa. Ga farfaɗiya da take kawowa, ga kamu, mutum ya dawo gida ba zinare, sai jarabar ƙwaya.

Kuma ka sani, inda za ka babu asibiti irin wanda ka saba. Garin haƙa yana tashi ne cikin 'yan makonni, dubban mutane a daji, babu masai, babu ruwan kirki, sai mai kemis a rumfa da allura da ledar ƙarin ruwa. Asibiti mafi kusa yana iya zama tafiyar sa'o'i a babur, a hanyar da 'yan bindiga ke tarewa. Gwamnatin tarayya ta hana haƙa a Zamfara a watan Afrilu na 2019 saboda rashin tsaro, ba ta ɗage ba sai Disamba na 2024, kuma a ganina duk inda aiki ya koma ɓoye, wanda ya ji rauni ma ɓoye shi ake yi. Masu haƙa a Jado cikin hamadar Nijar nisansu ya fi haka. Saboda haka shirinka daga gida zai fara. Ka je a yi maka allurar tetanus. Ka sa gidan sauro a jaka, da ƙullin gishiri da sukari na asibiti saboda amai da gudawa, da sabulu. Kada ka yarda a yi maka allura da sirinjin da ba a gabanka aka ɓare shi ba, kada ka yi aski da rezar wani, ciwon hanta da ƙanjamau ta nan ma suna shiga. Ta ɗaya hanyar kuwa, kai musulmi ne, ka san abin da Allah ya hana, kuma ka san akwai wadda take jiranka a gida ba ta ci ba ba ta sha ba. Ka tafi tare da wanda ya san gidanku. Kuɗin farko da ka samu, ka ware na motar dawowa ka ba amintacce ajiya, domin na ga waɗanda ciwo ya kama a can suka rasa na mota.

Wanda ya ce maka duk wannan tsoro ne, ajali idan ya zo ko a kan gado sai a tafi, ka ce masa gaskiya ne, amma an umarce mu da mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali. Kai ka zaɓi ka shiga rami da hankalinka. Yaron da ke rarrafe a tsakar gida bai zaɓi komai ba, amana ce a wuyanka.

Idan kuma ka riga ka je ka dawo, kayan aikinka suna rataye a ɗaki yanzu haka, to yau ɗin nan ka fitar da su. Ka dubi yaran gidan da kyau: wanda ya daina cin abinci, wanda yake yawan ciwon ciki, wanda ya fara magana ya koma baya, wanda ya taɓa jijjiga babu zazzaɓi. Kada ka jira kasuwa ta ci. Ka ɗauke shi da uwarsa ku tafi asibiti, kuma ka fara gaya wa likita aikin da ka yi tun kafin ya tambaye ka. Allah ya tsare mana ku a inda kuke nema, ya dawo da ku lafiya.